Jirgin da Ya Fi Rezon Gure Gudu

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da Lahadin da na kifar da jirgin yaƙi sau uku a gaban jama'a ba, alhali harsashin kowa bai taɓa ni ba.

A lokacin ina gabatar da shirin matasa a wani gidan rediyo nan Gure. 'Yan fadarmu, wato majalisarmu ta hira, sun kamu da wani wasan yaƙin jirage na intanet, har suka sa ranar karawa da wasu samarin Damagaram, huɗu da huɗu. Namu su uku ne, sai na ce ni ne cikon. Ban taɓa wasan ba. Duk da haka na sanar a rediyo, na kuma yi wa masu sauraro alkawarin sakamako ranar Litinin.

Jirage kaɗan ake ba sabon shiga ya zaɓa. Na ɗauki takarda da biro na ja layuka: gudu, hawa sama, yawan bindigogi. Kwana biyu ina aunawa, na tsaya kan wani siriri da ya fi kowanne gudu.

Taubashina, direban da ke jigila tsakanin Gure da Bune, shi ne gwanin fadar. Ya leƙa wayata ya ce, "Malam ɗan jarida, ajiye wannan. Ɗauki tsohon nan mai fukafukai hawa biyu."

Na ce, "Wannan akwalar? Ko jakin lambu ya fi shi sauri."

Ya ce, "To. Ni dai in zan shiga rairayi, iskar taya nake ragewa. Kai ƙara."

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa mai kiran waya idan ya kauce daga batu.

Bayan la'asar muka zauna a inuwar bishiyar bedi. Saboda sanarwata, har masu shago sun zo kallo. Muka tashi lafiya, na bar kowa a baya. Abu ɗaya ne ban ja masa layi ba: rezon garinmu, wato ƙarfin intanet. Ina sunkuyowa kan abokin gaba sai hoton ya daskare. Daƙiƙa biyu kawai. Amma jirgi ba ya jiran hoto. Da ya dawo, wuta na gani.

Jirgi uku ake ba kowa. Na biyu ya bi na farko. Na uku na ce zan yi hankali, na daki dutse a hankali.

Shi ma taubashin nawa hotonsa na daskarewa, sai dai akwalarsa ba ta zuwa ko'ina. Rezo ya tafi ya dawo, ya tarar da ita tana shawagi kamar shirwa. Ya harbo biyu. Amma uku ba sa iya huɗu, aka cinye mu.

Ranar Litinin na cika alkawari, da muryar karanta labarai: "Jirage uku sun faɗi jiya a Gure. Ba a rasa rai ba. Matuƙin shi ne mai magana da ku."

Wanda ya fara kira shi ne taubashina. "Malam matuƙi, gobe ina da hanyar Bune. In za ka, a baya za ka zauna."

Tun ranar na koma kan akwalar, kuma har yau ita nake ba duk sabon shiga. Na koyi cewa kafin ka tambayi abin hawa gudunsa, tambayi hanyar da zai bi, ka kuma saurari wanda ya saba binta.