Ranar da Baba Ya Miƙa Makullin Bashe

A ko'ina mai saye ne ke gwada mota. A gidanmu na Filinge kuwa, Baba ne ke gwada mai saye.

Motar bashe ce, irin mai tanti a baya, wadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar hatsi da ƴan kasuwa da ita zuwa Bonkuku da Tabla. Da ita aka ciyar da mu. Sai idanunsa suka fara hazo. Ranar da ya daki amalanken jaki da rana tsaka, yana rantsuwa bai gan shi ba, lokotoron asibiti ya ce tuƙi ya ƙare. Ni babbar ɗiya aka ɗora wa aikin lallashinsa ya sayar, domin muddin tana ƙofar gida, wallahi sai ya sake ɗaukar makulli.

Ya amince, amma da sharaɗi: duk mai so sai ya tuƙa shi har cikin yashin kwari su dawo.

Abokansa tsofaffin direbobi, masu wuni a bakin tasha suna gardamar motoci, su ke zuga shi. Wai motocin yanzu gwangwani ne, in sun lalace sai an ɗauko na'ura daga Yamai, ita kuwa bashe waya da guduma sun ishe ta. Ka ji mutane! Ko keke babu mai shi a cikinsu.

Wani mai saye ya zo, Baba ya ce yana saka giya kamar mai daka gero. Wani ya kafe a yashi, Baba ya dawo yana dariya har da hawaye. Wani bawan Allah ko tayar da ita bai yi ba, ƙofa kawai ya buga da ƙarfi aka ce ya sauka. Raina ya ɓaci.

“Haba Baba! Ni da ka aurar ma ba ka yi wannan bincike ba.”

“Ke in an cuce ki kina da bakin faɗi,” in ji shi. “Ita hwa?”

Sai ga wani magidanci daga Damana, mara yawan magana. Ran nan na hau baya don kada Baba ya ƙirƙiro masa laifi. Da muka isa bakin yashi mutumin ya tsaya, ya sauka, ya bi tayoyin yana rage musu iska, ba wanda ya ce masa ya yi. Ya shiga a giya ta biyu, bai sa injin ihu ba, muka ratsa lafiya lau. Ta gilashin baya ina hango ƙeyar Baba, ko motsi ba ya yi.

Muna dawowa ya ce, “Ɗana, riƙe makullin.” Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar na tarar da shi ya ja tabarma zuwa inda motar take kwana, wurin da baƙin mai ya ɓata ƙasa. Na zauna kusa da shi don in faranta masa rai.

“Ka gani, Baba? Allah ya ba ka wanda ya iya.”

“Ya iya, ɗiyata,” ya ce, yana shafa ƙasar da tafin hannu. “Tun da munka shiga yashin nan nike roƙon Allah ya sa mutumin nan ya kafe.”