Darasin Hana Wariya a Hawa na Uku

Wata rana na leƙa sashen Shari'a na wata jami'a neman ƙanwata, sai na tarar da wata ɗaliba a gindin bene a kan keken guragu, tana kallon sama. Kubura sunanta, 'yar ajin ƙarshe.

Jami'ar tasu ta haɗa kai da wata ta ƙasar waje suna koyar da dokar daidaito da hana wariya. Malaman can su yi magana ta bidiyo, ɗaliban nan su amsa.

Ina aka kai ajin? Hawa na uku. Ba lifta.

Tun farkon zango ta wayar ƙawarta Kubura ke sauraro daga ƙasa. Amma ranar ita ce za ta gabatar da aiki, kuma sharaɗin mutanen can shi ne kowa ya bayyana gaban kyamarar ajin. Wanda bai bayyana ba ya faɗi, sai baɗi.

Samarin ajin suka ce su ɗauke ta. Ta ce ita matar aure ce, ba namijin da zai sungume ta. Ƙawayenta suka gwada ɗaga keken, saura ƙiris su kife tare.

Sai ga malamin kwas ɗin ya sauko yana share gumi.

"Malam, don Allah a sauko da na'urar bidiyon. Kai ka yi min alkawari."

"Ki yi haƙuri, Kubura. An yi mata kejin ƙarfe an walde a bango saboda ɓarayi."

"To Malam, yau a kan me aka ce in yi magana?"

Ya sunkuyar da kai. "Haƙƙin masu buƙata ta musamman."

Ta ɗaure gefen hijabinta a ƙugu, ta zame daga keken, ta kama matakala da hannu.

Jama'a, da rarrafe ta hau.

Wallahi ni da ban san ta ba, kuka nake ina bin ta da jakarta. Tana ja tana haki, tana cewa a roƙi mutanen can su jira ta. Daga sama kuwa tafi muke ji ana ta yi wa masu jawabi a kan daidaito.

Da muka isa ƙofa, allon bidiyon ya yi baƙi. Lokacin mutanen can ya cika, wani aji ya karɓi ɗakinsu. Ba wanda ya taɓa gaya musu halin da Kubura ke ciki, wai kar a kunyata jami'a a idon baƙi.

Ta zauna a dandamali, tafin hannunta duk ya saɓule. Ta dubi allon, ta dubi matakalar, ta ce a hankali, "To yanzu ta yaya zan sauka?"

Darasi: In za ka koyar da adalci, fara leƙa gindin benenka ka ga wa ka bari a can.

Ku tura wa duk wani malami ko shugaban makaranta da kuka sani. Wataƙila akwai wata Kubura a ƙasan ajinsa yanzu haka.