Akuyar da Ke Kai Saƙo Tsakanin Ikilima da Ɗanta

Wa ke yi wa ɗan fari hira in babu kaka a gida? Ban taɓa tunanin wannan ba sai da na san Ikilima.

'Yar Dogarawa ce. Ta taso a gidan yawa, inda yaro ke sauka daga bayan wannan goggo ya hau cinyar waccan. Nan ta koyi daka da tatsa, nan kuma ta koyi kunya: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa. Yaron ba ya rasa komai, domin kaka da goggonni sun ɗauke wa uwar wannan aiki. Da mijinta Lawali ya samu tuƙin kamyon, babbar motar ɗaukar siminti, sai suka koma Malbaza, ɗaki ɗaya da rumfa. Shi kullum yana hanya, gida sai ita da ɗanta Mahfuz da wata jar akuya da take kira Ja. Kunyar ta biyo ta cikin kayanta, amma kaka da goggonni sun tsaya Dogarawa.

Ni aikina zagaya gidajen unguwarmu ne, ina awon yara, ina duba yadda iyaye ke zama da su. Mahfuz ya wuce shekara biyu da rabi, awonsa lafiya, jikinsa fes, amma ba ya cewa uffan. Na yar da kwano a bayansa, ya waiwaya. An kai shi likita an duba kunnen, lafiya lau. Sai na zauna a rumfarsu hantsi guda ina ƙirge. Ikilima ta yi wa akuya magana sau goma sha ɗaya. Ɗanta kuwa sau biyu, "Bari" da "Tashi".

Na ce, "Ikilima, kin san akuyarki ta fi ɗanki jin muryarki?"

Ta ce, "Haba Yaya! Akuya ai ba ni na haihe ta ba."

Muka yi dariya, amma tata ba ta daɗe ba. Ta faɗa mini Inna, uwar Lawali, ta aiko cewa da an gama girbi za ta zo ta tafi da yaron.

"Sun ce bebe na. Sun ce gidan yawa ka buɗe baki."

"Ke kina so a tafi da shi?"

"Mi zan ce, Yaya? Nasu na."

Tana faɗin haka tana goge ɗan takalminsa da bakin zanenta, takalmin da ba shi da datti ko kaɗan.

Ni da gaggawata na ba ta abin da aka koya mana: ki durƙusa, ki dubi idonsa, ki kira sunansa. Ta durƙusa. Ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, da ta buɗe na ga hawaye. Na fita ina cewa a raina wannan yaro kam na Dogarawa ne.

Da na koma bayan mako, tun daga ƙofa na ji muryarta.

"Ke Ja, gaya ma wanga bawan Allah ga hura nan. Hura! In bai sha, ke za ki shanye."

Na laɓe a jikin zana. Tana damu, yaron yana tsaye riƙe da kunnen akuya, idonsa a bakin uwarsa.

"Ja, tambaye shi ina ludayi. Ni dai ban magana da mutanen da ba su da wando."

Mahfuz ya tafi da gudu ya ɗauko ludayi, ya miƙa wa akuya. Ba wanda ya koya wa Ikilima wannan. Da ta gan ni ta ce, "Yaya, da dabbata nika hira, ina laihi?" Na ce babu. Abu ɗaya na ƙara mata: in ta yi tambaya ta dakata, ta ba shi wuri ya amsa, ko da yatsa ne. Ranar na fara ƙirga maganganunta, na kai arba'in na bari.

Bai buɗe baki nan da nan ba. Gero ya yi kai, ya nuna, aka soma yanka, yaron yana nan da nuni da gurnani. Ikilima ba ta fasa ba. Akuya ta ji labarin turmi, ta ji na kamyon da ke wucewa, ta ji sunan duk abin da ke cikin miya. Kalmarsa ta farko "Ja" ce. Kafin a ɗaure damma yana da kalmomi takwas, har da "a'a", wadda ya fi ƙauna.

Inna ta sauko daga motar Dogarawa ranar da ta ce. Ina nan, domin Ikilima ta roƙe ni in zo. Tsohuwa ta zauna a tabarma ta jawo jikanta.

"To maigidana, angon da bai gaisuwa! Ɗauko takalminka, amaryarka ta zo ɗaukar ka."

Ya dube ta, ya dubi uwarsa, ya ce, "A'a."

"Iye! Wa yac ce bebe na? Wannan ai ƙin aurena shika yi. Wa ya koya maka rowa?"

Ya nuna akuya. Inna ta dubi surukarta, wadda ta duƙufa kan ƙwarya kamar ba ta ji ba. Ita ma ta yi kunyar ɗan fari a zamaninta, ba ta bukatar a yi mata bayani.

Ta ce, "Miji mai gardama ban iya da shi. Ku riƙe abinku, ku kawo mini shi da Salla."

Ikilima ba ta ce ta gode ba, don ba a godiya kan ɗan fari. Nono ta ƙara a furar Inna har ya kusa zuba.

In akwai ƙaramin yaro a gidanku, ku gwada gobe da safe. Ku faɗa masa sunan abin da ke hannunku, ku tambaye shi wani abu, sa'an nan ku yi shiru ku jira. In kunya ta hana, ku faɗa wa kaza ko turmi, muddin yana kusa yana ji.