Hoton Kaka Guda Ɗaya

Ƙanshin tsohuwar fata ne ya tsayar da ni jiya a wani shago a unguwar Al-Azizya, nan ƙasa mai tsarki, sai jakar kyamarar kakana ta faɗo mini a rai.

Kyamarar ƙirar Jamus ce, baƙa, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A wuya ake rataye ta, mai ɗauka ya sunkuya ya leƙa ta sama. Jaddi, haka muke kiransa, yakan ce shi ya sa mutane ke sakin jiki da ita. Fim ɗinta hoto goma sha biyu yake ɗauka. Da ita ya ɗauki maƙwabtanmu na unguwar Bani Harisa kaf, ban da matarsa. Kaka ba ta yarda.

Wata shekara, dabino ya fara nuna, wani alhaji ya kawo saƙo daga Sudan. Ƙanwar Kaka, wadda suka rabu tun suna 'yan mata, idonta na mutuwa, tana son ganin fuskar yayarta.

Kwana uku da zuwan saƙon, bayan la'asar, Kaka ta fito tsakar gida da farin mayafi, ta zauna.

"Alhaji, ɗauko abin naka."

"Saura ɗaya a fim ɗin, Hajiya. Kada ki motsa."

Ya sunkuya, ya daɗe yana murza kyamarar.

"Yalla, yi sauri mana! Me kake nema a ciki?"

"Shekara arba'in nake jira. Bar ni in kalla."

Dariya ta kufce mata, shi kuma ya danna. Ta dinga faɗa wai ya ɓata. Da aka wanko, ga ta tana dariya, wushiryarta a fili, hannu bai kai ga rufe baki ba. Ta haɗa hoton da baƙin fim ɗin ta ba alhajin, wai kada hotonta ya yi yawo.

Da hajjin da ya biyo baya labari ya dawo. Wai ƙanwar ta kai hoton dab da ido, ta ce, "Ita ce. Ba ta sauya ba."

Yau 'ya'yana sukan ɗauke ni a waya ko tambaya babu. In sun tambaye ni kamannin Kaka, ba ni da abin nunawa. Hotonta yana can wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Ban taɓa jin haushi ba. Wadda aka yi dominta ta gani.