Amanar da Yaya Sabo Ya Ajiye a Rumbu

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, amma har yau a ƙauyenmu na gefen Minjibir, in aka ambaci sunansa sai ka ga wani dattijo ya taɓe baki. Ina gani, sai in kau da kai.

Yaya yana cikin rukunin farko da jami'a ta ɗauka lokacin da ta buɗe sashen babban digiri na horar da ma'aikatan laburare. Ɗaki ɗaya ne, in ji shi, sai malamai 'yan ƙalilan. Mu a gida tsiya muke masa, wai mutum ya gama digiri ya koma koyon jera littafi a kanta. Bincikensa a kan rubutun hannu na ajami ne, irin wanda ke gidajen malaman karkara. Ya bi gida-gida har garin Kunci yana roƙo, yana alkawarin zai kwafe ya mayar. Mutanen da ko ɗan cikinsu ba sa bari ya taɓa gafakar kakansu suka ɗauka suka ba shi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Malaman sashen suka watse, wasu ƙasar waje, wasu kasuwa. Rufin ɗakin ajiyar sashen ya fara yoyo, babu mai gyarawa. Yaya bai gama kwafewa ba, don haka ya kwaso takardun a buhuna ya sa a tsohon rumbunmu, saboda rumbu a kan duwatsu yake, gara ba ta cika hawa ba.

"Ko me za a yi, kada su taɓa ƙasa," ya ce da ni ranar da zai koma.

Bayan shekara biyu muna cin gumba da ƙyar, gero ya yi albarka, ga ɓarayin dami sun yi yawa. Na buƙaci rumbun. Na sauke buhunan na jingine su a wani ɗaki da ba a kwana, na ce ai na kwana biyu ne. Damina ta zo ta wuce a kansu. Ranar da Yaya ya dawo ya ɗaga buhun farko, jar ƙasa ce ta zubo.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ya ce sakacinsa ne. Wani ya ja masa Allah ya isa a ƙofar masallaci, ina tsaye a bayansa. Bai ƙarasa digirin ba, noma ya kama har ajali ya same shi.

Yau sashen yana da bene da na'urar da ke ɗaukar hoton takarda kafin ƙiftawar ido. Da Yaya zai gani, na san murna zai yi, don shi ba ya riƙo. Ni kam haushi nake ji. Aikin da ya cinye masa shekaru na mako guda ne yanzu, kuma ko sunansa babu a jerin tsofaffin ɗalibai, tunda bai gama ba.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuwa fake da wannan magana har na yi furfura. Yaya bai bar littafi ba, bai bar takardar shaida ba. Abin da ya bari shi ne mutuncina, wanda ya saya da nasa. Duk wanda jaridar da ta buga wannan rubutu ta isa hannunsa a yankinmu, ya karanta wa dattawa: Sabo bai ci amanarku ba. Ni, Habu ƙanensa, na sauke buhunan, saboda damin gero.