Ranar da Na Yi Tafinta a Siton Zoɓo

Na daɗe ina koyarwa a jami'a, amma a gidanmu na Gumel babu wanda zai iya faɗa maka abin da nake koyarwa. Sifaniyanci na karanta. Bincikena a kan finafinan ƙasashen da ke jin harshen ne, da yadda abinci ke fitowa a cikinsu, da littattafan da matansu suka rubuta. Na yi wannan bayani a tsakar gida, na yi a gidan suna, na yi a cikin mota a hanyar Gagarawa, har bakina ya gaji.

Inna abinci kawai ta riƙe. Duk wadda ta tambaye ta sai ta ce, "Auta ai girkin Turawa take koyarwa." Yayana kuwa, da ke sayen zoɓo a hannun manoman Sule Tankarkar yana tarawa a sito a Maigatari, fim ɗin ne ya tsaya masa a rai. "Wato ki zauna ki sha kallo, ƙarshen wata a biya ki? Mu da ke shan rana mu ne sakarkaru."

Wani hutu bayan kaka ina gida, sai ga shi ya shigo da fara'ar da ban saba gani ba.

"Auta, ki shirya gobe. Baƙuwa za mu yi daga Meziko, cikin masu sayen zoɓonmu. Yarenki take ji."

"Yarena kuma?"

"Wanda kike kallon fim da shi mana."

Na haɗiye maganar, don gaskiya daɗi ya kama ni. Yau dai zan sami wadda zan tattauna da ita a kan abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, kuma a gaban Yaya.

Sai Inna ta ce ai ba a karɓar baƙo da hannu biyu, in dafa mata abincin garinsu.

"Inna, ni rubutu nake yi a kansa, ba dafawa ba."

"Ke dai ba kya son aiki. Ga masara can, ga wake."

Na yi musu har na gaji, sannan na ɗaura zani. A takarda na san gurasar masararsu ciki da waje, na san ana jiƙa ƙwayar da ruwan toka kafin a niƙa, na taɓa gabatar da maƙala guda a kanta. A kan tanda kuwa, duk wadda na ɗaga sai ta wargaje. Na tsinci masu ɗan mutunci na jera a kwano, Inna na gefe tana turara dambunta.

Da kwanukan abincinmu muka isa siton Maigatari. Baƙuwar mace ce mai matsakaicin shekaru, da malfa da takalmin aiki. Da na gaishe ta sai ta buɗe baki, ta rungume ni, ta ce ina magana kamar masu karanta labarai a rediyo zamanin kakarta.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Ta ce na iya."

Daga nan wahala ta fara. Yaya zai yi gaisuwa, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen gida, ya yabi zoɓon bana, ya kawo tarihin sito. In na juya mata a taƙaice sai ya harare ni. "Na yi dogon zance, kin faɗi kalma uku. Ina sauran?" Ita kuma ta zura hannu cikin buhu, ta fito da yashi da ɗan tsakuwa, ta ce ba ta tsallako teku don ta sayi ƙasar Maigatari ba. Na faɗa masa yadda ta faɗa.

"Haba Auta! Ita ta ce haka, ko ke ce kike huce haushinki?"

Manyan motoci na ta ƙugi a waje, leburori sun daina aiki sun kewaye mu suna kallon bakina. Haka muka yi ta yi har azahar, kowannensu na zargin ina rage masa magana.

Da aka shimfiɗa tabarma don cin abinci, na ce to yanzu lokacina ya yi. Na tambaye ta wani tsohon fim na ƙasarsu da na yi shekaru ina nazari. Ta yi dariya, ta ce irin waɗannan barci suke sa ta, ita na Turkiyya masu dogon zango take kallo. Na kawo zancen marubuta mata. Ta ce an tilasta musu karanta ɗaya a makaranta, ba ta gama ba. Ta gutsuri gurasata, ta tauna a hankali, ta ce na yi ƙoƙari. Sannan ta jawo kwanon dambun Inna, ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasansa.

Ta ce lallai a gaya mata yadda ake yi. Yaya ya kira Inna a waya, ni ina tsakiya ina juya tsaki da zogale da ƙuli zuwa Sifaniyanci, Inna na gyara mini: "Ki ce mata kada ta cika ruwa!" Ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da harshen a ƙasar haihuwata.

An daidaita, za a sake tankaɗe zoɓon. A hanyar komawa Gumel Yaya ya ce, "Ashe karatun nan naki yana da rana. Ki bar jami'ar nan ki dawo sito, ki yi aiki na gaske."

Na juya ina kallon gonaki.

Na koma bakin aikina. Yanzu duk kaka sai wayata ta cika da saƙonnin murya, na Yaya da na baƙuwar, wani lokaci ina tsakiyar aji. Na ƙarshe da ta turo, tambaya take ko busasshen zogale zai iya bin kwantenar zoɓo. Yaya ya ce in amsa mata da wuri, kuma kada in rage gaisuwar.