Ranar da Aka Tura Yaya Wanke Kofuna

Yayata ta shekara goma sha tara tana gyaran injuna a tashar da ke tura wa garinmu ruwa. Idan kun buɗe famfo ya yi tari ya ba ku iska, kada ku zage ta, wataƙila ranar hutunta ce.

Su ashirin da biyu ne a wurin, ita kaɗai ce mace. Rigar aikin da aka ba ta ranar farko ta wani ƙato ce da ya bar aiki, sai da ta naɗe hannuwan sau uku. Banɗaki ɗaya ne, ba shi da sakata, dole ta koyi waƙa da ƙarfi. Duk baƙon da ya shigo kuwa ita yake tambaya ina makanikan suke, ko da ya tarar da ita baƙin mai har gwiwar hannu. Takan ce bari ta dubo masa su, ta koma ƙarƙashin injinta.

Wanda ya tsaya mata shi ne babban makaniki, dattijon da kowa ke ce wa Baba. Yana da wani dogon sukundireba mai ƙotar katako, wanda bai taɓa kwance komai da shi ba. Yakan ɗora bakinsa a jikin inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron rigimar maƙwabta ta katanga. Can sai ya ce boris ɗin hagu saura masa kwana tara. A wurinsa Yaya ta koya, har ta zo tana riga shi ji. Da bakinsa yake gaya wa manaja cewa cikin ma'aikatansa ita ce mai kunne, sauran ado suka rataya a gefen kai.

A tashar akwai ƙa'idar da ba a rubuta a ko'ina ba. Ranar da babban makaniki zai yi ritaya, a gaban kowa yake miƙa sukundireban nan ga magajinsa, ofis kuma ya buga takarda a kan haka. Yaya ba ta taɓa roƙa ba. Shi ne dai yakan ce, "Ki tanadar masa wuri a akwatin kayanki, 'yata." Saboda wannan magana ta ƙi aikin da wani kamfanin lemo ya yi mata tayi, ga mota ga hutun Asabar. Mijinta ya yi mita wata guda, ya haƙura.

Baba ne kuma ya ɗora mata koya wa Dogo aiki, wani magidanci mai takardu da yawa da ya zo shekara shida bayanta. A makonsa na farko ya manna kunne a injin da aka kashe, ya ce lallai yana jin matsala. Ta yi haƙuri da shi har ya zama makaniki, ba laifi.

Ranar ritayar Baba ta kankare farcenta, ta yafa sabon mayafi a kan rigar aiki. Da hantsi aka jera bencina a ɗakin gyara, aka kawo shayi da biskit. Manaja na cikin jawabi Baba ya yafito ta, ya ce a hankali kofuna ba su isa ba, ta taimaka ta ɗauraye waɗanda aka sha, don mazan nan ba su san tsafta ba. Ta yi dariya ta kwasa ta nufi famfon bayan sito.

Tana kan kofi na bakwai ta ji tafi.

Da ta dawo da tire, Dogo na tsaye da sukundireban a hannu biyu, kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Babu wanda ya kalle ta. Ta bi benci benci ta raba shayi, ko ɗigo bai zuba ba.

A bakin ƙofar fita ta tare Baba. Ya ce tausayinta ya ji. Mazan nan ba za su ji maganar mace ba, ga ta da 'ya'ya, ga manyan ofis da surutu. Ai ita ce za ta riƙe tashar, Dogo suna kawai zai riƙe. Ta bar shi ya gama.

"Baba, kofunan da gaske ba su isa ba?"

Ya tsura wa takalminsa ido. Ita ke riƙe da makullin sito, ta san akwai kwali guda na kofuna da ba a ko buɗe ba, amma ta so ta ji daga bakinsa. Ya juya ya fice.

Tana nan a tashar har yau. Dogo yakan zagayo ya tsaya kusa da ita, ya ce wai me take ji a inji na uku, shi ma ya ji, yana dai son ya tabbatar.

Watan jiya janaretan gidan Baba ya ƙi tashi. Bai aika wa magajinsa ba, ita ya aika wa. Ni na kai ta a babur. Ya sa aka fito mata da kujera, ya kira jikoki su gaida gwaggonsu. Ba ta zauna ba. Ta durƙusa, ta gyara, ta wanke hannu, ta ce a riƙa canza masa mai a kan lokaci, ta yi sallama.

A hanya na tambaye ta me ya sa ta je.

"Janaretan bai yi mini komai ba," in ji ta. "Kalli gabanka, akwai rami."